Hoton MRI da Dattawanmu Masu Sankarar Furostet da Ake Sa Wa Ido

Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana a kan dattawan karkarar Kano da Jigawa da aka samu da sankarar furostet, likita ya ce musu: "Baba, taka mai sauƙi ce, ba sai an yi aiki yanzu ba, za mu riƙa sa mata ido." Wannan magana ta likita tana da tushe mai ƙarfi a ilimi. Damuwarmu ita ce abin da ke biyo bayanta. Sa ido tsari ne mai ranaku da ma'aunai da takardu, kuma a yau hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, ya zama babban jigo a cikinsa. Idan aka yi hoton ba a lokacinsa ba, ko a na'urar da ba ta dace ba, ko aka yar da faifan da aka ba da hoton a cikinsa, to mutum ya yi asarar kuɗin buhunan hatsi a banza, ya kuma koma gida da kwanciyar hankalin da ba shi da dalili.

Furostet wata 'yar tsoka ce a jikin namiji, tana ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye hanyar fitsari, bayanta kuma na jingine da bangon dubura. A jikin matashi nauyinta bai wuce giram 20 zuwa 25 ba, tana ƙara girma da shekaru. Girman tsufa daban, sankara daban, ko da yake suna iya haɗuwa a jikin mutum guda. Sankararta ce ta fi kowace sankara yawa a mazan Najeriya; ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na 2022 ya nuna sababbin masu ita kimanin 18,000 a shekara. Galibin namu ba sa zuwa asibiti sai fitsari ya ɗaure ko ciwon baya ya hana su sunkuya, lokacin cutar ta riga ta shiga ƙashi. Waɗannan ba su cikin maganarmu ta yau, magani suke buƙata nan take. Muna magana ne a kan 'yan ƙalilan da Allah ya sa aka gano tasu da wuri, yawanci ta gwajin jini na PSA, wani sinadari da furostet ke fitarwa wanda yawansa kan ƙaru in tana da matsala, ko a tsokar da aka kankaro lokacin aikin buɗe hanyar fitsari.

Wanda ya cancanci sa ido shi ne wanda PSA ɗinsa bai kai 10 ba, likita ya sa yatsa ta dubura bai ji ƙullutu ba ko ya ji ɗan ƙarami a gefe guda, sannan tsokar da aka ɗiba da allura ta nuna makin Gleason 3+3, wato rukuni na 1, mafi sauƙi cikin rukunai biyar (Gleason maki ne na munin ƙwayoyin sankarar, 4 ya fi 3 muni, lambar farko kuma ita ce irin da ya fi yawa). Wasu masu 3+4 ma ana sa su, in kashin nan na 4 ɗan kaɗan ne, amma da ƙarin tsanani a bibiya. Dole kuma ya zama mutum ne mai sauran ƙarfi, wanda in cutar ta motsa zai iya ɗaukar tiyata ko gashi da na'ura, wato ƙona sankarar da haske mai ƙarfi, domin manufar tsarin ita ce a warkar da shi idan lokaci ya yi. Tsoho ɗan shekara 85 mai ciwon zuciya ba ya buƙatar a riƙa jigilarsa Kano ana masa hoto ana soka masa allura. Shi nasa lallaɓawa ne, a magance abin da ya dame shi in ya taso. Cakuɗa waɗannan biyun na sa a wahalar da wanda ya kamata a hutar, a kuma yi sakaci da wanda ya kamata a bi a hankali.

Mai karatu zai ce, tunda an ga sankara, don me ba za a cire ta a huta ba? Saboda cirewar tana da farashi a jiki. Bayan tiyata wasu kan daɗe da yoyon fitsari, da yawa kuma ƙarfin mazakutarsu kan ragu ko ya tafi. Ga manomin da ke da iyali, ko limamin da ke jan mutane salla yana buƙatar tsarkinsa ya tsaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Babban binciken nan na Birtaniya mai suna ProtecT ya bi maza 1,643 tsawon shekara 15, aka fitar da sakamakonsa a 2023. Kimanin 97 cikin 100 ba su mutu da cutar ba, ko an yi musu tiyata, ko gashi, ko an sa musu ido. Sai dai akwai ɗaya ɓangaren da ba a cika faɗa ba: cutar ta bazu a jikin kusan 9 cikin 100 na waɗanda aka sa wa ido, alhali a sauran rukunan biyu wajen 5 ne. Sa idon da aka yi a wancan binciken da gwajin jini kusan kaɗai aka yi shi, ba a tsara shi da MRI ba. Wannan giɓin ne ake fatar hoton zai rage.

Matsalar farko da hoton ke magancewa ita ce kuskuren ranar farko. Ɗibar tsokar da aka saba yi a nan, ana sa sandar sikanin ta dubura a soka allura sau 10 zuwa 12 a wurare da aka tsara, ba tare da an ga ƙullutun ba, don sikanin ba ya nuna shi sosai. Allurar tana iya wuce mugun wurin ta ɗebo mai sauƙin da ke gefensa, musamman in mugun yana ta gaba, can nesa da dubura, inda yatsa ma ba ya kaiwa. Sai takarda ta fito da 3+3, alhali a jiki akwai 4+3. Yawancin mutanen da ake cewa cutarsu ta tsananta a shekarar farko ta sa ido, tun asali haka take, allurar ce ba ta same ta ba. Binciken PROMIS na 2017 ya nuna MRI na hango kusan 93 cikin 100 na sankarar da ke da haɗari, ɗibar tsoka irin ta da kuwa 48 take kamawa. Shi ya sa muke ganin in kuɗin gida na hoto ɗaya ne kacal, to a kashe shi a farko: ko dai kafin a ɗebi tsoka gaba ɗaya, ko kuma a cikin watannin farko, kafin ɗibar tsoka ta biyu wadda ke tabbatar da cewa mutum ya cancanci zama a tsarin. Hoton farkon nan shi ne ma'aunin da za a riƙa gwada duk na baya da shi.

Amma kada a yi shi da zafi-zafi bayan allura. Ɗibar tsoka na barin jini kwance a cikin furostet, jinin kuma na ɓata hoto, yana iya ɓoye ƙullutu ko ya yi kama da shi. A jira aƙalla mako shida. Haka ma wanda ke fama da ciwon sanyin mafitsara, ko aka sa wa robar fitsari kwanan nan saboda fitsari ya ɗaure: a yi magani, jiki ya lafa tukuna.

Sai maganar na'ura, wadda a nan aka fi tafka asara. Ba kowace MRI ce ke iya wannan aiki ba. Ana buƙatar mai ƙarfin maganaɗisu tesla 1.5 ko tesla 3. Akwai na'urori masu ƙaramin ƙarfi, irin 0.2 zuwa 0.4, waɗanda gefensu a buɗe yake. Suna da amfani a wasu hotunan, amma ba sa fitar da abin da ake nema a furostet. Wata ƙidaya da aka yi a Afirka ta Yamma a 2016 ta samu na'urorin MRI 58 a Najeriya, mafi yawansu kuma irin masu ƙaramin ƙarfin ne. An samu ƙari tun daga lokacin, amma tsofaffin ba su ɓace ba. Don haka ɗan da zai raka mahaifinsa daga Gumel ko Ƙaraye ya buga waya kafin su hau mota, ya yi tambaya uku: na'urarku tesla nawa ce, kuna yin hoton furostet na musamman, kuma tana aiki a wannan makon? Tambaya ta ukun ba raini ba ce. Manyan na'urorin nan suna buƙatar wuta da sanyi dare da rana, kuma ko'ina a duniya sukan tsaya don gyara.

A duba takardar da likita ya rubuta ma. In an rubuta hoton ƙugu kawai, mai ɗauka zai ɗauko ƙugun gaba ɗaya daga nesa, furostet ta fito 'yar mitsitsiya a tsakiya. Abin da ake so hoto ne da aka matso da shi kan furostet, yanka-yanka masu kaurin milimita 3, kuma kashi uku ne. Na farko, T2, shi ke nuna fasalin tsokar da ɓawon da ya lulluɓe ta, sankara kan fito a matsayin tabo mai duhu. Na biyu, DWI, yana auna yadda ruwa ke motsi a tsakanin ƙwayoyin tsoka. Inda sankara ta cunkushe ruwan ba ya sakewa, sai wurin ya yi haske a hoto ɗaya ya yi duhu a taswirar da ake kira ADC. Wannan kashin ne ya fi nauyi a gefen furostet na baya, inda mafi yawan sankarar ke tsirowa, kuma shi ne ƙaramar na'ura ke gazawa a kansa. Na uku shi ne wanda ake yin allurar gadoliniyom, wani sinadari mai fito da hoto fili, a jijiya a ga yadda jini ke shiga wurin. Cibiyoyi da dama yanzu suna yin biyun farko kaɗai in hoton ya fito tas, abin da ke rage kuɗi da lokaci. Idan za a yi allurar, a fara gwada ƙoda, domin wanda aikin ƙodarsa ya faɗi ƙasa da 30 a ma'aunin eGFR sai an yi taka-tsantsan, kuma dattawan da fitsari ya daɗe yana taruwa musu ba a rasa masu raunin ƙoda a cikinsu.

Shirin da majiyyaci zai yi ba shi da wuya, amma rashinsa na lalata hoto mai tsada. Babban abokin gabar DWI shi ne iska a cikin dubura, tana murɗe hoton daidai wurin da ake son gani. Kwana ɗaya kafin ranar a bar wake, ɗanwake, alale, ƙosai da lemon kwalba, a ci abu mara nauyi, a kuma zaga bayan gida kafin a shiga. Wasu wuraren sukan yi allurar Buscopan, miligiram 20, don hanji ya lafa. Mai hawan jinin ido ko bugun zuciya da sauri ya faɗa tun kafin a yi. Wasu kuma sukan nemi a ƙaurace wa iyali kwana uku. Ana kwanciya rigingine na minti 30 zuwa 45 a cikin rami mai ƙara kamar ana buga ƙarfe, ana toshe kunne, kuma motsi kaɗan na sa a sake. Ya kamata a yi wa dattijo wannan bayani da Hausa tun a gida, don kada ya firgita a ciki ya ce a fito da shi.

Ƙarfe kuwa maganar rai ce. Maganaɗisun ba ya mutuwa ko da ba a ɗaukar hoto. A cire zoben azurfa, agogo, makulli, waya, kuɗin ƙarfe, 'yar wuƙar aljihu, da duk wani guru ko laya ko kambu, domin ba a san abin da aka ɗinke a cikin fatar ba, wani da allura, wani da guntun ƙarfe. Mai ɗaukar hoto ya yi tambayar a keɓe cikin girmamawa, dattijo ba zai ɗaga riga a gaban 'ya'yansa ya nuna abin da ke ƙugunsa ba. Maƙeri da mai walda da duk wanda tartsatsin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, da wanda harsashi ya rage a jikinsa, da mai na'urar bugun zuciya, su faɗa tun a wajen karɓar kati. Wanda aka sa wa ƙarfe a ƙugu yawanci ana iya yi masa, sai dai ƙarfen kan dusashe gefen hoton.

Rahoton hoton farko zai zo da makin PI-RADS, daga 1 zuwa 5. Maki 1 da 2 na nufin da wuya a samu mai haɗari, 3 ana kokwanto, 4 da 5 akwai wurin da dole allura ta nufa kai tsaye. Rahoto mai kyau zai faɗi girman furostet, ya faɗi inda tabon yake, dama ko hagu, sama ko ƙasa, gaba ko baya, ya ba da tsawonsa da milimita, ya ce ko ya taɓa ɓawo ko jakunkunan maniyyi. Rahoton da ya tsaya a "furostet ta girma, a duba yiwuwar sankara" bai ƙara wa likitan mafitsara komai ba, kuma yana da haƙƙin mayar da shi a sake karantawa.

Girman nan da aka auna yana da wani amfani da ba ya cin ko sisi. Ana ninka tsawo da faɗi da kauri a santimita, a ninka da 0.52, a samu girman a mililita. Sai a raba PSA da shi. Mutum biyu kowanne PSA ɗinsa 6: mai furostet mililita 60 ya tashi da 0.10, mai mililita 30 ya tashi da 0.20. Na biyun ya haura 0.15, iyakar da likitoci ke ɗaga gira a kanta, ko da hoton bai nuna tabo ba. Na farkon kuwa girman tsufa ne ya fi yiwuwa ya ɗaga masa lamba.

Daga nan sai jadawali. Tsarin da hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta fitar a 2019 mai sauƙin bi ne: a shekarar farko PSA duk wata 3 zuwa 4, gwajin yatsa a wata na 12, MRI tsakanin wata na 12 da na 18, daga shekara ta biyu PSA duk wata 6, yatsa sau ɗaya a shekara, hoto ko ɗibar tsoka kuma duk lokacin da wani abu ya canja. Wannan tazara ta wata shida tsakanin 12 da 18 rahama ce ga manomi. Likita na iya ɗora ranar hoto bayan kaka, lokacin da amfani ya shigo gida, hanya ta bushe, maimakon tsakiyar Agusta da kowa ke gona, aljihu kuma babu komai. Ranar da aka sa ba tare da duba wannan ba, sau da yawa ba a zuwa.

PSA ɗin ma yana da ladubba. A riƙa yinsa a ɗakin gwaji guda, don na'urori kan bambanta. A bar kwana biyu bayan kusantar iyali ko doguwar tafiya a keke. Kada a yi shi ana cikin ciwon sanyi, sai bayan mako shida da warkewa. Lamba ɗaya da ta yi tsalle ba hujja ba ce, a maimaita bayan 'yan makonni. Akwai kuma tarkon da ke kama mutane da yawa: magungunan rage girman furostet, finasteride da dutasteride, suna raba PSA kusan biyu bayan wata shida zuwa shekara. Dattijo ya karɓo su a kemis saboda fitsarin dare, bai faɗa wa kowa ba, lambarsa ta sauka daga 8 zuwa 4, kowa ya yi hamdala, alhali lissafin gaskiya yana nan a 8. Dutasteride yana iya dusashe tabon a hoton MRI ma. Duk abin da ake sha, na asibiti da na gargajiya, a zo da kwalinsa ko ƙullinsa a nuna.

Hoto na biyu shi ne zuciyar wannan wasiƙa. Amfaninsa ɗaya ne, a ajiye shi kusa da na farko a ga ko tabon ya canja. Don haka masana suka tsara wani maki na daban mai suna PRECISE, aka wallafa shi a 2017, aka sabunta a 2024. Maki 1 tabon ya ɓace, 2 ya ragu, 3 yana nan yadda yake, 4 ya girma ko ya ƙara fitowa fili ko wani sabo ya bayyana, 5 ya keta ɓawo ko ya shiga maƙwabta. Likitan hoto ba zai iya ba da wannan maki ba sai tsohon hoton yana gabansa, hoton kansa, ba takardar rahoto ba. A nan ne tsarin ke rushewa a wajenmu. An ba mutum faifai a ambulan, ya kai gida ya sa a ƙarƙashin katifa ko a saman rumbu, zafin bazara ya lanƙwasa shi, ko jikoki su goge shi da wasa. Bayan shekara ya tafi wata cibiyar daban saboda ta fi araha da 'yan dubbai. Sabon likita ya rubuta tabo milimita 11, tsohon rahoto ya ce 8. Girma ya yi, ko bambancin na'ura da hannun mai awo ne? Ba mai iya rantsuwa. Kamar wanda ya auna gero da tiyar Dawanau ne ya dawo ya sake aunawa da ta kasuwar ƙauyensu, sannan ya ce hatsin ya ƙaru. Daga nan ko dai a tsorata mutum a tura shi tiyatar da ba ya buƙata, ko a ce ai kuskuren awo ne alhali cutar ce ke tafiya.

Maganin wannan a hannunmu yake. A koma na'ura guda in da hali, a nemi likitan hoto guda ko aƙalla wanda ya saba karanta furostet. Ranar da aka karɓi faifai a kwafe dukkan abin da ke cikinsa a filashi, a kuma ajiye wani kwafin a wayar ɗa ko a imel. Ɗaukar hoton fim ɗin da kyamarar waya ba ya wadatarwa, domin likita na buƙatar ya bi yanka ɗaya bayan ɗaya ya auna. A sayi littafi mai bango mai ƙarfi, a rubuta kowane PSA da ranarsa da wurin da aka yi, makin Gleason, allura nawa aka soka nawa suka nuna cuta, makin kowane hoto, da ranar komawa ta gaba. A ɗora wa mutum ɗaya a gidan alhakin littafin.

Dole mu faɗi iyakar hoton, don mun ga yadda ake ɗaukarsa kamar hukuncin ƙarshe. Idan aka tattara binciken da aka yi a kan maimaita MRI a lokacin sa ido, hoton shi kaɗai yana kama kimanin shida ne cikin goma na waɗanda cutarsu ta tsananta. Wato mutum na iya samun PRECISE 3, tabo bai motsa ba, amma a ƙarƙashin madubin likita ƙwayoyin sun canja. Ta ɗaya gefen kuma, kumburi na iya yin kama da sankara. Wannan ya shafe mu ƙwarai: tarin fuka na iya kama furostet, tsargiya ma haka, ga ta kuwa a yankunan noman rani irin su Kadawa, Kura da fadamar Haɗejia. Likitan hoto ya kamata a gaya masa in majiyyaci ya taɓa fitsarin jini ko ya sha maganin tarin fuka. Saboda haka maki 4 ko 5 ba ya nufin a wuce ɗakin tiyata, yana nufin a sake ɗibar tsoka, a nufi tabon da allura uku ko huɗu, a ƙara da na sauran wurare. Hoto mai kyau kuma ba ya soke ɗibar tsoka har abada. Yana iya jinkirta ta in PSA a tsaye yake kuma lissafin nan na raba PSA da girman furostet bai kai 0.15 ba, amma yawancin tsare-tsare suna so a sake ta bayan 'yan shekaru ko da komai lafiya. Ba sai da na'ura mai tsada mai haɗa hoton MRI da na sikanin ake nufar tabo ba. Likitan da ya zauna da likitan hoto suka duba tare, ya san tabon yana dama ta gaba kusa da ƙasa, zai iya kai allurarsa can da sikanin na yau da kullum.

Tsoron allurar ne ke korar mutane da yawa, kuma tsoron yana da dalili. Bi ta dubura na iya shigar da ƙwayoyin cuta cikin jini, ga shi ciprofloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake dogara da shi, ya rage kaifi saboda yadda ake shansa barkatai. Wanda ya ji zazzaɓi da rawar sanyi cikin kwana biyu ko uku bayan ɗibar tsoka kada ya ce maleriya ce ya tsaya kemis, ya nufi babban asibiti a daren. Hanyar da ake bi ta fatar da ke tsakanin maraina da dubura ta fi aminci ta wannan fuska, ana kuma yinta da allurar kashe zafi, tana kuma kaiwa ga gaban furostet da kyau. Muna fatar ganin ta yawaita a asibitocinmu.

Akwai abin da ya sa muke cewa a bi namu da ƙarin kula. Manyan binciken nan galibi a kan Turawa aka yi su, baƙar fata kuwa cutar ta fi kama shi, a Birtaniya ana ƙiyasta ɗaya cikin huɗu, Bature ɗaya cikin takwas. Wani bincike a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka a 2020 ya samu cewa baƙaƙen da aka sa wa ido cutarsu ta fi saurin tsananta, amma ba su fi sauran mutuwa ko bazuwar cuta ba, domin ana bibiyarsu ana yi musu magani a kan lokaci. Sharaɗin ke nan. Likitan da ya ga mutum ba zai iya dawowa ba, ko don nisa ko don rashi ko don ba mai rako shi, ya gaya masa gaskiya a gaban babban ɗansa, su auna tare ko yin maganin tun yanzu ya fi masa. Wanda yake cikin tsarin kuma, in ya ji sabon ciwon baya ko ƙugu da ba ya barinsa barci, ko ƙafafu sun yi nauyi, ko fitsari ya ɗaure, ko ya ga jini, ko yana ramewa, kada ya jira ranar da aka rubuta masa.

Edita, ga roƙonmu ga masu iko. Likitocin mafitsara da manyan na'urori suna birni, a wurare irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da cibiyar mafitsara ta Abubakar Imam, majiyyata kuwa suna Ɓaɓura da Birniwa da Doguwa. Ba sai an kai MRI kowace ƙaramar hukuma ba. Abin da ake buƙata shi ne a raba aikin: manyan asibitocin Haɗejia, Gumel, Kazaure, Ringim, Bichi, Rano da Gaya su riƙa yin PSA da gwajin yatsa, su riƙe rajistar masu sa ido da lambobin wayar 'ya'yansu, ma'aikacin lafiya ya kira duk wanda ya wuce ranarsa da wata guda, a tura sakamako ga likitan mafitsara ta waya, tafiya birni ta zama ta hoto da ɗibar tsoka kaɗai, a kuma haɗa hoto da ganin likita a rana ɗaya don kada a kwana a tasha. Cibiyoyin hoto su riƙa ajiye hotunan furostet na shekaru, su sa makin PI-RADS a rahoton farko da na PRECISE a na baya, su kuma gaya wa mutum gaskiya in na'urarsu ba ta kai tesla 1.5 ba. Hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohin biyu, KSCHMA da JICHMA, su duba yiwuwar ɗaukar nauyin hoton farko da na wata 12 zuwa 18 ga wanda tsoka ta tabbatar yana rukuni na 1, domin kuɗin hotuna biyun bai kama ƙafar kuɗin jinyar mutum ɗaya da cutar ta shiga ƙashin bayansa ba.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya,
ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.